Kurege da Buhun Ƙafafu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, ko da mai ɗaci ce.

Ranar Talata ce, sha huɗu ga watan Oktoba. An yi ruwan ƙarshen damina da asuba, kafin hantsi rana ta buɗe, ƙasa tana tururi. A wannan safiya Malam Hankaka, akawun Hukumar Tsara Ƙasa ta Daji, ya sauka a Fadamar Goriba da farin ƙyallensa a ƙirji da takarda a baki. Ya manna takardar a jikin goriba, ya yi gyaran murya, ya ce:

"Jama'ar fadama! Hukuma tana gayyatarku taron jin ra'ayi, kwana uku, daga gobe, a inuwar gawo. Za a nuna muku sabon tsarin ƙasa. Ba za a yi kome ba sai da yardarku. Kuma akwai abinci."

Kowa ya ji abin da ya ji. Kurege kuwa, da yake leƙe daga bakin raminsa, kalma biyu kawai suka shiga kunnensa: akwai abinci.

Gidaje casa'in ne a fadamar, yawancinsu a ƙarƙashin ƙasa. Ga tafki, ga laka mai daɗin haƙa, ga gyaɗa ta nuna saura cirewa. Da Hankaka ya tashi, sai aka taru a ƙofar Iya Kunkuru, wadda ta girme kowa har da goribar.

Iya ta fito da kai a hankali, ta ce, "Sau biyu ana tashina. An tashe ni daga Kwarin Ɗinya, an tashe ni daga Rafin Kanya. Kowane karo sai da aka ji ra'ayina tukuna."

Zabuwa, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta ce, "To, Iya, mu je mu faɗa musu ba mu yarda ba mana! Ni kaɗai na ishe su!"

"'Yar nan, a can ba a rubuta baki, ƙafa ake rubutawa. Mu dabbobi ba mu da sa hannu, sawu muke dangwalawa. Takardar da ake rabon abinci da ita, ita ce ake kaiwa sama a ce jama'a sun amince. Doka ta ce sai an sami biyu cikin uku, wato sawu sittin. In ba su cika sittin ba, ko tsinke ba za a kafa a nan ba. Saboda haka kowa ya riƙe ƙafarsa a gida."

Aka ce an ji, an yarda. Kurege ya fi kowa ɗaga murya. Har ya hau kan suri ya ce duk wanda ya je taron nan ba ɗan halas ba ne.

Washegari ya farka, iska ta kawo ƙamshin dambu daga wajen gawo. Ya juya ya ba iska baya. Ƙamshi ya zagayo. Ya toshe hanci da wutsiya. Cikinsa ya ce, "Ƙafa ɗaya ce za ta zama sittin?" Kurege ya ce, "Ba za ta zama ba." Ciki ya ce, "To?" Sai ya bi ta bayan ciyawa.

A inuwar gawo an jera kututture casa'in, ba kowa a kansu. Ga Raƙumin Dawa, Babban Mai Tsari, a tsaye, kansa can cikin ganye. Ga taswira an rataye a reshe na sama, daidai idonsa. Ga Hankaka a ƙasa da takarda da kaskon tawada, a bayansa tulin ƙunshin ganye.

Hankaka ya ce, "Ƙafa ɗaya, ƙunshi ɗaya."

Kurege ya tsoma ƙafa a tawada, ya dangwala, ya karɓa, ya zauna a kututturen gaba. Dambu ne da mai, ƙuli-ƙuli uku, da alewar gyaɗa. Ya ci har ya lashe ganyen.

Raƙumin Dawa ya yi jawabi mai tsawo, amma kafin magana ta sauko daga wannan wuya rabinta ya bi iska. Abin da Kurege ya tsinta shi ne za a gina Unguwar Manyan Dawa, da titin da giwa biyu za su wuce ba su gogi juna ba, kuma za a kewaye tafki ya zama wurin wankan dorina. Ya hau gawo ya leƙa taswirar. Inda fadamarsu take, fari ne fat, an rubuta: fili, ba kowa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, nan fa gidajenmu ne."

Raƙumin Dawa ya ce, "Akwai mai tambaya?"

"Ni, ranka ya daɗe! A ƙarƙashin farin nan muke!"

"Na duba wurin da kaina daga sama, ciyawa kawai na gani. To, tunda babu tambaya, mun gode wa jama'a."

Hankaka ya rubuta: jama'a sun nuna farin ciki.

Kurege ya sauko jikinsa a sanyaye. Amma da ya zo wucewa ya ga ƙunshi tamanin da tara a ajiye, rana tana dukansu, sai sanyin jikin ya tafi. Ya ce, "Malam, waɗannan fa?"

"Ƙafa ɗaya, ƙunshi ɗaya."

"In mai ƙafar yana jin kunyar zuwa, ya aiko da ƙafar fa?"

Hankaka ya karkata kai, ya dube shi da ido ɗaya. Ya ce, "Ni a takardata ban ga gurbin fuska ba. Gurbin sawu na gani."

To, kun san yadda bakin tafki yake bayan ruwa. Duk wanda ya je shan ruwa ranar Talata ya bar sawunsa a laka, rana ta fara ƙafar da shi. Kurege ya kwaɓa yumɓu, ya riƙa cika ramin kowane sawu, ya bar shi ya sha rana, ya ɓamɓare. Sai ga ƙafar Gafiya a hannunsa. Ga ta Bushiya. Ga ta Zabuwa da karkataccen yatsanta. Ga ta Iya Kunkuru, mai faɗi kamar masa. Ya zuba su a buhu yana waƙa:

"Sawu naka, sawu nata,
ciki nawa ne zai ɗauka."

Kurege fa ba wawa ba ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya zauna ya yi tunani. Ya ce, "Iya ta ce sittin. To, ni zan tsaya a hamsin da tara. Hukuma ta yi asarar dambu, fadama tana nan daram. Wannan ai taimakon jama'a ne."

Ranar Alhamis ya kai ƙafa talatin. Hankaka ya juya baya yana gyaran fiffike, Kurege yana tsomawa yana dangwalawa yana faɗin suna. Ƙafa ɗaya, ƙunshi ɗaya. Ya yi ta jigila har bayansa ya ƙage. Raƙumin Dawa ya sake jawabinsa ga kututture casa'in, ya yaba da natsuwar jama'a.

Ranar Juma'a ya koma da sauran. Ya dangwala, ya dangwala, ya zazzage buhu, sai ya ga ashirin da takwas ne. Talatin da ashirin da takwas, hamsin da takwas. Saura ɗaya a cika abin da ya yanka wa kansa, ga ƙunshi yana kallonsa. Da mai cin rabonsa ya tafi ne, da nan ya tsaya. Kurege ya ɗauki ƙafar Kwaɗo, ya juya ta baibai, ya tsoma, ya dangwala.

Hankaka ya ce, "Ta wa ce wannan?"

Sunan da ya fara zuwa bakinsa ya faɗa. "Ta Malam Maciji ce."

Hankaka bai ɗaga kai ba. Ya rubuta. Sa'an nan ya bi layi da baki yana ƙirgawa, ya kai ƙasa, ya ce, "Alhamdu lillahi. Sittin."

"Hamsin da tara dai, Malam."

"Sittin."

"Talatin jiya, ashirin da tara yau!"

Hankaka ya ɗora farce a kan layin farko, inda wata 'yar ƙaramar ƙafa take zaune ita kaɗai tun ranar Laraba. Ya ce, "Wannan fa, ta baƙo ce?"

Kurege ya dubi sawun, ya dubi ƙafarsa. Ya ƙirga kowa a fadamar nan, ya manta da kansa. Ya yi tsalle zai fizge takardar, Hankaka ya riga ya tashi da ita sama.

Ya koma gida ya toshe bakin rami. Ga ƙunshi har rufi, amma bai kwance ko ɗaya ba. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. A waje yana jin Zabuwa tana yi wa Hukuma dariya, wai an dafa dambu kututture sun ci. Ana ta shirin cirar gyaɗa.

Ranar Litinin ɓauna huɗu suka shigo fadama da igiya da jajayen turaku. Suka kafa ɗaya a tsakiyar gonar Gafiya, ɗaya a ƙofar Iya. Aka ce musu kuskure ne, ba wanda ya je taro. Suka ce su ba su san taro ba, turke aka ba su.

Dambu kuwa ba ya riƙe amana. Kwana huɗu a rami, ya yi tsami, wari ya fito ta kowace kafa. Zabuwa ta bi warin tana tono, ta tono ganye, ta tono wani ganyen, ta jawo buhu. Ta zazzage shi a fili, ƙafafu suka watse.

"Wayyo ni! Ga ƙafata! Ga yatsana da shaho ya karya!"

Gafiya ta ce, "Wannan tawa ce, ga tsagar farcena."

Kowa ya sunkuya yana neman ƙafarsa, kamar masu neman takalmi a ƙofar gidan biki. Iya Kunkuru ta iso daga baya. Ta daɗe tana kallon tata, baƙa ƙirin da tawada. Kurege ya so a ce ta zage shi.

Aka jawo shi ta wutsiya, aka kife shi da kwando, Bushiya ta zauna a kai. Aka yanke a kai wa Kada shi a tafki.

Daga cikin kwando ya ce, "Na cancanta, jama'a, ku kai ni. Sai dai kaico, da ni za a haɗiye hanyar kuɓutarku."

Zabuwa ta ce, "Rufe mana baki, ɓarawon ƙafa!"

"Na rufe, Yaya Zabuwa. Malam Maciji, kana nan? Don Allah ƙafarka nawa?"

Maciji ya ce, "Kai, ɗan nema! Gori za ka yi mini?"

"Ba gori ba ne. A cikin sittin ɗin nan akwai ƙafarka. Duk daji an san ba ka da ita. In ta faɗi, saura hamsin da tara, tsari ya rushe. Ni kaɗai na san layin. Da gangan na sa ta, don irin wannan rana."

Ƙarya ce, kun sani. Amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Aka ɗaga kwando.

Suka ɗunguma zuwa ofishin Hukuma, Kurege a gaba da igiya a ƙugu. Hankaka ya fito da takarda, yanzu da tambari ja a kanta. Kurege ya nuna layin. Maciji ya miƙe a ƙasa tun daga kai har wutsiya, ya mirgina, ya sake mirginawa, kowa ya shaida ba ƙafa.

Hankaka ya dubi takarda, ya dubi Maciji. Ya ce, "Takarda mai tambari ta nuna Malam Maciji na Fadamar Goriba yana da ƙafa. Wannan ba shi da ita. Ashe ba shi ba ne. Ku je ku zo da na ainihin."

Maciji ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina fadamar nan!"

"Bawan Allah, ba da kai nake ba."

Zabuwa ta yi ta ihu sai an kira mata Babban Mai Tsari. Ya leƙo ta saman katanga, ya ce ya yi murna da ganin jama'a suna bibiyar aikin, kuma an tanadar musu filaye a Tudun Tsakuwa, kowa da lambarsa, layi-layi gwanin sha'awa. Gafiya ta ce, "Ranka ya daɗe, dutse ne wurin, ba ya haƙuwa." Amma kan ya riga ya koma sama.

Hankaka ya ce, "Mai ƙorafi ya rubuta wa Majalisar Sauraren Koke cikin kwana ashirin da ɗaya daga yau. Akwatin wasiƙa yana jikin kukar mararraba. Mu nan mun gama namu."

A hanyar dawowa aka sake tuna Kada. Kurege ya ce, "Wasiƙa ba shaida, ai tatsuniya ce. In Majalisa ta ce a kawo wanda ya ƙera ƙafafun, cikin Kada za ku kai musu?"

Iya ta ce, "Ku kwance shi." Maganarta ta farko ke nan tun da aka zazzage buhu.

Ita ta faɗi abin da za a rubuta, Hawainiya ta rubuta, kwana biyu tana yi. Aka faɗi kome, da yumɓu da dambu da ƙafar Kwaɗo. Kurege ya dangwala a ƙasa, da ƙafarsa ta gaske. Ya ce, "Iya, kawo in kai. Kafin azahar na je na dawo."

Fadama duka ta yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta.

Iya ta ce, "Kai ne mai gudu a cikinmu, kuma kai ne ba za a ba ko ɓawon gyaɗa ba. Zabuwa za ta tsaya karanta wa kowa a hanya. Sau biyu ina ba wani saƙona. Wannan da bakina zan kai."

Ta ɗauki wasiƙa a baki ta kama hanya. Kurege ya bi ta, ba wanda ya aike shi.

Kun taɓa ganin kurege yana tafiyar kunkuru? Ya yi gaba ya dawo, ya yi gaba ya dawo. Ya share mata tsakuwa, ya tsinko mata ganye. Kullum da safe ya ce, "Iya, saura kwana kaza, ki ba ni." Ba ta amsawa, bakinta da wasiƙa.

A kwana na shida 'yan fadama suka fara wuce su da kaya a ka. Gafiya ta ce giwaye sun shiga gona, gyaɗar da ba a cire ba ta koma laka. A kwana na tara Zabuwa ta wuce da 'ya'yanta a layi, ba ta ce uffan ba, abin da ba a taɓa gani ba. Maciji ya wuce shi ma. A Tudun Tsakuwa an hana shi fili, an ce na mai ƙafa ne. A kwana na goma sha biyar suka jiyo faɗuwar goriba daga nesa. Iya ta tsaya, ta shigar da kai cikin ƙoƙonta, ta daɗe. Sa'an nan ta fito ta ci gaba.

Ranar da wa'adi zai cika, da la'asar, suka iso mararraba. Ga kuka, ga akwati, amma an kafa shi can sama, daidai tsawon wanda ya tsara shi. Iya ta ɗaga kai iyakar wuyanta. Ta zagaya kukar sau ɗaya. Ta dawo ta ajiye wasiƙar a gaban Kurege, gefenta ya jiƙe da yawu.

Ta ce, "Hau, ɗan nan."

Ya ɗauka da hannu biyu. Ya hau. A tsakiyar kukar, inda idon Iya ba ya kaiwa, ya ga an shafa jan fenti, irin na turakun fadama, wato ita ma kukar tana cikin tsari. Ya wuce. Ya kai akwati, ya tura wasiƙar ta kafa, ya ji ta faɗa a kan wani abu mai laushi. Ya sa ido ya leƙa. Wasiƙu ne tuli, wasu sun yi ja don tsufa, a kan wata ya hango sunan Rafin Kanya. Gara ta gina gida a kansu har rabin akwati. Wata babbar gara ta ɗago kai ta ce wa 'yan'uwanta, "Ku taso, an kawo sabuwa."

Kurege ya sauko a hankali, shi da bai taɓa saukowa a hankali ba.

Iya ta ce, "Ta shiga?"

"Ta shiga, Iya."

"A kan lokaci?"

"A kan lokaci. Rana ba ta faɗi ba."

"Za su karanta?"

Kurege ya yi ƙarya a rayuwarsa fiye da gashin wutsiyarsa, kowace kuwa akwai abin da ya ci a kanta. Wannan ce ta farko da ba ta kawo masa ko ƙuli-ƙuli ba.

Ya ce, "Za su karanta, Iya."

Ta ce, "To, madalla. Mu zauna nan mu jira amsa, inuwar tana da kyau."

Suka zauna a gindin kukar.

Ƙurunƙus kan kurege. Ba don tambarin Hukuma ba, da na ce ƙarya na shara muku. Abin koyi kuwa, in an kira ku taron jin ra'ayi, ku ci ku ƙoshi tun daga gida. In kun je shan ruwa, ku share sawunku. In kuma kun ƙudura za ku cuci jama'a kaɗan kawai, to, ku fara ƙirga kanku.